Henry Draper, likitan da ya ɗauki hoton taurari

An haifi Henry Draper a Amurka ranar 7 ga Maris, 1837. Gado ya yi, domin mahaifinsa, John William Draper, shi ne ya ɗauki hoton wata a 1840. Henry ya karanci likitanci, ya kuma koyar a Jami'ar New York, amma dare na taurari ne a wurinsa. Ya gina ɗakin nazarin sararin samaniya a Hastings-on-Hudson, yana goge madubin na'urar hangen nesa da hannunsa.

Matsalar da ya fuskanta ita ce wadda duk mai haɗa kyamara da wannan na'ura ke fuskanta har yau. Hasken tauraro kaɗan ne, sai an bar kyamara a buɗe na tsawon lokaci, alhali duniya tana juyawa, hoton kuma yana dagulewa. Draper ya inganta injin agogon da ke juya na'urar tana bin tauraro sannu a hankali. Ranar 30 ga Satumba, 1880, bayan minti 51, ya samu hoton farko na gajimaren iskar gas da ƙura na Orion.

Ciwon ƙirji ya kashe shi a Nuwamban 1882, yana da shekara 45. Matarsa Anna, wadda ta daɗe tana taya shi aiki, ta ba Jami'ar Harvard kuɗin kammala burinsa. Daga nan aka samu kundin taurari fiye da 225,000, waɗanda har yanzu ake kiransu da lambobi masu farawa da HD.