Félix d'Hérelle, mutumin da ya yaƙi ƙwayar cuta da ƙwayar cuta

An haifi Félix d'Hérelle a shekarar 1873. Bai yi karatun likita ba, da kansa ya koyi binciken ƙwayoyin cuta. Ya yi aiki a Gwatamala da Meziko kafin ya shiga Cibiyar Pasteur ta birnin Paris.

A 1915 cutar atuni ta ɓarke cikin sojojin Faransa. Yana nazarin bayan gidan masu samun sauƙi, sai ya lura wani abu da madubin bincike ba ya iya gani yana narkar da bakteriyar. A 1917 ya bayyana wannan bairos, ya raɗa masa suna bakteriyofaj, wato maci-bakteriya. A 1919 ya fara sha da kansa, sannan ya ba yara masu atuni a wani asibitin Paris, suka warke. Daga baya ya gwada shi kan kwalara a Indiya.

Zuwan fenisilin ya sa ƙasashen Yamma suka jingine aikinsa. Ya rasu a Paris a 1949. Yau bakteriyar Helicobacter pylori, mai haddasa gyambon ciki, tana bijire wa magunguna, masu bincike kuwa sun koma kan sawunsa, suna neman bairos ɗin da zai kashe ta.