Hubert Ogunde (1916–1990): Ƙungiyar Wasan da Ta Zama Gida

An haifi Hubert Ogunde a shekarar 1916 a Ososa, kusa da Ijebu-Ode, a ƙasar Yarbawa. Mahaifinsa limamin coci ne, kakansa na wajen uwa kuwa masanin duban Ifa, saboda haka ya tashi da kiɗa iri biyu a kunnensa. Ya yi koyarwa, ya yi aikin ɗan sanda, sannan a 1944 ya gabatar da wasansa na farko mai waƙa a zauren Glover da ke Legas. A 1945 ya kafa African Music Research Party, ƙungiyar da ta mayar da wasan dandamali sana'ar ci da sha.

Abin da ya fi ba shi wuya shi ne riƙe ƴan wasa, musamman mata, domin iyaye na ganin hawa dandamali zubar da mutunci ne. Ya nemi ƴan mata ta hanyar talla a jarida, amma da yawa aure kan ɗauke su. Daga bisani ya auri da dama daga cikinsu, ƴaƴansa kuma suka girma cikin rawa da amshi. Fitacciyarsu ita ce Clementina, wadda aka fi sani da Adesewa.

A nan ne ɗalibin harshe zai tsaya. Irin waɗannan wasanni ba a kan takarda suka dogara ba. A bakin masu yin su suke zaune. Yarbanci, kamar Hausa, harshe ne mai karin sauti, don haka wanda ya kauce wa karin kalma a waƙa yana iya sauya ma'anarta. Sai an daɗe ana rerawa tare kafin mai bayarwa da masu amshi su san numfashin juna. Ke nan tafiyar ƴar wasa guda tamkar yagewar shafi ce daga littafi.

Wannan haɗin kai ya sha gwaji a hanya. A 1946 ƴan sanda suka dakatar da wasansa Strike and Hunger a Jos. Bread and Bullet, wanda ya taɓo harbin ma'aikatan kwal na Inugu a 1949, shi ma an hana shi a Kano. A 1964 gwamnatin Jihar Yamma ta haramta wa ƙungiyar wasa saboda Yoruba Ronu, har zuwa 1966. Duk da haka ba ta watse ba, har ta wakilci Nijeriya a bikin baje kolin duniya na Montreal a 1967.

A 1986 aka ɗora masa nauyin haɗa ƙungiyar wasa ta ƙasa, inda ya tara ƴan wasa masu harsuna daban-daban a dandamali guda. Ya rasu a Landan ranar 4 ga Afrilu, 1990, jim kaɗan bayan ya fito a fim ɗin Mister Johnson, wanda aka ɗauka a arewacin Nijeriya.