Janar Digol: Baturen da ya raba kan Nijar da ƙuri'ar "I" da "A'a"

A wannan makon, filinmu na tarihi zai waiwayi Janar Charles de Gaulle, wanda aka fi sani da Digol, tsohon shugaban Faransa da sunansa bai ɓace ba a bakin dattawan Madawa, Buza da Keita. Mun zaɓe shi ne domin shi ne tushen gidan siyasar masu ra'ayin riƙau na Faransa, kuma hukuncin da ya yanke a 1958 ya taɓa rayuwar kowane gida a ƙasar Adar.

An haife shi a garin Lille ranar 22 ga Nuwamba 1890. Ya yi makarantar soja ta Saint-Cyr, ya yi Yaƙin Duniya na Farko, inda Jamusawa suka kama shi a 1916. Sunansa ya fito ne a 1940, lokacin da sojojin Hitila suka ci Faransa, gwamnati ta miƙa wuya. Digol ya ƙi, ya tsallaka Landan, ranar 18 ga Yuni ya yi kira ta BBC a ci gaba da yaƙi. Gwamnan Chadi Félix Éboué ya bi shi tun watan Agusta, amma Nijar ta zauna hannun gwamnatin Vichy har ƙarshen 1942.

A 1944 ya kira taron Brazzaville, inda aka yi alkawarin sassauta wa ƙasashen da Faransa ke mulka, sai dai ba a yarda da batun 'yanci ba. Aikin tilas da ya gallabi kakanninmu sai a 1946 aka soke shi, bisa dokar Houphouët-Boigny, bayan Digol ya ajiye mulki a Janairun shekarar.

A 1947 ya kafa jam'iyyar RPF. Aƙidarsa ba ta da wuyar fahimta: shugaban ƙasa mai ƙarfi wanda ya fi ƙarfin jam'iyyu, Faransa mai cin gashin kanta ba 'yar amshin shatar Amurka ko Tarayyar Sobiyet ba, da gwamnati mai sa hannu cikin tattalin arziki. Daga wannan tushe aka samu UNR a 1958, sai UDR, sai RPR ta Jacques Chirac a 1976, sai UMP a 2002, wadda ta koma Les Républicains a 2015.

Rikicin Aljeriya ne ya dawo da shi mulki a 1958. Nan take ya shirya zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba: duk ƙasar da ta ce "I" za ta zauna cikin tarayya da Faransa, wadda ta ce "A'a" kuwa ta tafi, ba ko sisin taimako. A Nijar, Djibo Bakary na jam'iyyar Sawaba, wanda ke shugabantar gwamnati, ya nemi a ce "A'a". Sai Paris ta turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, aka ja sarakunan gargajiya zuwa ɓangaren "I", aka takura wa 'yan Sawaba. Da aka ƙirga, "I" ta samu kimanin kashi 78 cikin 100, kodayake waɗanda suka fito ba su kai rabin masu rajista ba. Gini ta Sékou Touré kaɗai ta ce "A'a". Djibo ya sauka, Diori Hamani na PPN-RDA ya hau a Disamba, aka haramta Sawaba a 1959, sannan Nijar ta samu 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960.

To amma an ba da akuya ne an riƙe igiya. Digol ya naɗa Jacques Foccart mai kula da harkokin Afirka, aka ƙulla yarjejeniyar tsaro ta 1961 wadda ta haɗa da ma'adinai, aka kafa kamfanin SOMAÏR a 1968 domin haƙar yuraniyom a Arlit. Ita ma Najeriya ta ɗanɗana. Ta yanke hulɗa da Faransa a 1961 saboda gwajin bam ɗin nukiliya a hamadar Sahara, sannan a 1968 Digol ya mara wa Biyafara baya, yayin da Diori ya tsaya tare da gwamnatin tarayya.

Ya yi murabus a Afrilun 1969 bayan ya sha kaye a wani zaɓen raba gardama, ya rasu ranar 9 ga Nuwamba 1970 a ƙauyen Colombey-les-Deux-Églises. Faransawa na ɗaukarsa gwarzon da ya ceto ƙasarsu sau biyu, kuma ba mu musa musu ba. Mu kuwa a nan, abin da ya ƙi wa Faransa, wato zama ƙarƙashin wani, shi ya so mana. Sojojin Faransa sun bar Nijar a Disambar 2023, kuma a Oktobar 2024 aka cire sunansa daga babban titin da ke Yamai, aka sa na Djibo Bakary.