Likita Mila da Kaburburan Gimi

A watan Janairu na 1824 wani likita Bature mai suna Walter Oudney ya rasu a Murmur, kusa da garin Katagum, yana kan hanyarsa daga Borno zuwa Kano. Abokin tafiyarsa Hugh Clapperton ya binne shi a can, ya wuce Kano shi kaɗai. Oudney ba ɗan mishan ba ne, binciken ƙasa ya kawo shi. Bayan shekara 76 sai ga wani likitan, shi ma sunansa Walter, ya nufo Kano ta kudu, amma da wata manufa dabam. Wannan na biyu shi ne Dokta Walter Miller, wanda mutanen Zariya suka fi sani da Likita Mila. Iyalan Kirista na Azare da Misau da Jama'are da ke buɗe Littafi Mai Tsarki da Hausa kowace safiya suna cin moriyar aikinsa, ko da yawancinsu ba su taɓa jin sunansa ba.

An haifi Miller a Ingila a 1872. Ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan, sa'an nan ya miƙa kansa ga ƙungiyar mishan ta CMS. Kafin ya taka ƙasar Hausa sai da ya je Tarabulus koyon harshen, domin a zamanin nan akwai Hausawa fatake da mahajjata da yawa a birnin. A can ya haɗu da wani yaro mutumin Katsina, Abdulmajid Tafida, wanda mahaifinsa ya rasu a kan hanyarsu ta zuwa Makka. Daga bakin irin waɗannan mutane ya ɗauki Hausarsa, abin da ya sa ta fi ta sauran Turawan zamaninsa daɗin ji.

A 1900 su biyar suka tashi zuwa Kano a ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell. Lokacin Turawa ba su ci Kano ba tukuna, sai a 1903. Sarki Alu Babba bai karɓe su ba, ya ce su bar masa gari. Suka komo kudu suka yada zango a Girku, garin da Walter Gowans na SIM ya rasu a 1894. A nan ciwo ya kama su. Claud Dudley Ryder ya rasu, wani kuma aka mai da shi gida ba lafiya, daga bisani aka janye sauran. A idon duniya tafiyar ta tashi a banza. Amma Miller ya dawo, kuma a 1905 ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta. 'Yar'uwarsa Ethel ita ma ta zo ta yi aiki tare da shi.

Shekarun farko sun yi masa nauyi. Masu zuwa neman magani suna da yawa, masu karɓar bishara kuwa ana iya ƙirga su da yatsu. Gwamnatin Turawa ma ba ta goyon bayansa, gama ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta taɓa addininsu ba, saboda haka ta taƙaita aikin 'yan mishan a masarautun Arewa, har da na ƙasar Bauchi da Katagum.

Sai a 1913 wasu baƙi suka iso ƙofarsa da labari mai ban mamaki. Su zuriyar almajiran wani malami ne na Kano, Malam Ibrahim, wanda cikin nazarinsa ya ga ana yawan ambaton Annabi Isa da girma na musamman, har ya fara koya wa almajiransa su sa zuciya gare shi. An kashe malamin a Kano wajen 1867 saboda wannan koyarwa, mabiyansa kuma, waɗanda ake kira Isawa, suka watse, wasunsu suka fake a duwatsun Ningi. Kusan shekara hamsin suna riƙe da ɗan abin da aka bar musu, ba littafi, ba mai koya musu. Da suka ji akwai wani Bature a Zariya mai karanta labarin Isa da Hausa, sai suka zo su ji da kunnensu.

Ga mutumin da ya yi shekara takwas yana shuka a kan fa, wannan kamar saukar ruwan farko ne. Aka nemi fili a Gimi, a ƙasar Zazzau, iyalai suka taru daga wurare dabam dabam, suka gina gidaje da majami'a da makaranta, suka share gonaki. Wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson, ya zauna tare da su. Aka yi wa mutane baftisma. Ƙauye ne na Hausawa Kirista, suna noma, suna sujada da harshensu, abin da Miller ya daɗe yana roƙon Ubangiji ya nuna masa.

Abin da ba wanda ya lura da shi shi ne ƙudan tsando da ke cikin kurmin bakin rafi. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya shiga Gimi. Ciwo ne mai cin mutum sannu a hankali: zazzaɓi da ciwon kai, kumburin kaluluwa a wuya, daga nan sai kasala, mutum ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, hankalinsa ya rikice, ya rame, har ya kai ga barcin da ba a tashi. Magungunan da suka yi tasiri a kansa ba su bazu ba sai cikin shekarun 1920. Ga likita, ga ilimi, amma hannunsa ba abin da zai ba su. Mutanen da suka bar garuruwansu saboda kiransa suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, magidanta da mata da yara, har ƙauyen ya watse. Yaran da suka tsira aka kwashe su zuwa makarantar Zariya.

Yana da sauƙi a ce ai ƙaddara ce, a wuce. Amma 'yan mishan ne suka amince da wurin, su ne kuma suka tara mutanen a cikinsa. Ba su yi da mugun nufi ba, duk da haka kuskuren ya ci rayuka, kuma wanda ya san aikin likita ya fi kowa sanin nauyin wannan. Mai bi da ya taɓa ba da shawara da zuciya ɗaya ta zama sanadin hasarar wani zai gane irin kayan da Miller ya ɗauka. Akwai laifin da mutum ke tuba daga gare shi domin ya aikata da gangan, akwai kuma wanda ba shi da sunan zunubi sosai amma yana hana barci. Dukansu biyu wuri ɗaya ake kai su, wato gindin gicciye. Miller bai tattara kayansa ya koma Ingila ba. Ya zauna ya reni marayun Gimi, ya kuma ci gaba da aikin da ke kan teburinsa.

Aikin nan shi ne fassara. Wasu sun riga shi, musamman J. F. Schön, wanda ya yi aiki da Dorugu, ya fitar da Sabon Alkawari da Hausa a 1880 ba tare da ya taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Miller ya ɗauki aikin daga tushe, tare da Hausawan da ke kewaye da shi da 'yan mishan na wasu ƙungiyoyi, ya shafe kusan shekara talatin a kai. Bai ƙirƙiro baƙin kalmomi ba inda Hausa ke da nata. Zunubi, tuba, gafara, alheri, tashin matattu, duk kalmomi ne da Bahaushe ya riga ya sani, aka ɗora musu saƙon bishara. Yana da kyau mai karatu ya tuna cewa wanda ya zauna yana auna kalmomin Littafin Ayuba, da na sura ta 15 ta Korintiyawa ta Fari inda Bulus ya yi dogon bayani a kan tashin matattu, mutum ne da ya san kaburburan Girku da na Gimi. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Shi ikkilisiyoyin Arewa suka riƙe, Hausawa da waɗanda Hausa ta zame musu harshen sujada, har aka fitar da sabuwar fassara a 1979.

Ba za a ce Miller mutum ne mai sauƙin zama ba. Yana da kaifin harshe da taurin kai. Ya yi ta sa-in-sa da jami'an gwamnati a kan mulki ta hannun sarakuna, wanda yake gani yana rufe ido ga zaluncin da ake yi wa talakawa. Ƙorafe-ƙorafensa suna cikin abubuwan da suka kai ga tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, aka kai shi Lokoja. Wasu na ganin wannan tsayawa ce a kan gaskiya. Wasu kuwa na ganin ɗan mishan ya kutsa cikin sha'anin sarauta fiye da kima, ya kuma sa mutanen birni suka ƙara ɗari-ɗari da bishara. Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Ko da abokan aikinsa ma ba kullum suke shan inuwa ɗaya ba. Da aka yanke shawarar fitar da mishan daga cikin birni zuwa Wusasa a 1929, bai so ba, domin a ganinsa barin birnin ja da baya ne. Ya koma Kano da zama.

A nan dai ba shi ne da gaskiya duka ba. Wusasar da bai so ba ita ce ta zama gidan marayun Gimi da zuriyarsu, da majami'ar St Bartholomew ta ginin ƙasa, da asibiti, da makaranta. Daga wannan al'umma aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, a nan kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi, mahaifinsa yana aikin bishara.

Miller ya ajiye aiki da CMS a 1935, ya tafi Ingila, amma zaman bai karɓe shi ba. Ya dawo Nijeriya ya ƙarasa kwanakinsa yana koyarwa da rubuce-rubuce a ƙasar Filato. Ya rasu a Bukuru a 1952 yana da shekara 80.