Farfesa Abdou Moumouni Dioffo: Masanin Hasken Rana da Harshen Uwa

Matafiyin da ya bi ta Malbaza a yau zai iya ganin jerin faifan tattara hasken rana na tashar lantarki mai ƙarfin megawat 7 da aka buɗe a 2018. Shekaru kusan hamsin kafin nan, wani ɗan Nijar ya riga ya duƙufa kan tabbatar da cewa ranar da ke ƙona Sahel dukiya ce. Shi ne marigayi Farfesa Abdou Moumouni Dioffo.

An haife shi a Tasawa ranar 26 ga Yuni, 1929. Ya fara karatu a Damagaram da Yamai, ya wuce makarantar William Ponty ta Senegal, daga nan ya nufi birnin Faris, inda a 1956 ya ci jarrabawar nan mai tsauri ta zama babban malamin kimiyyar fiziks. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka baƙar fata a Faransa. Da Gini ta zaɓi ƴancin kai a 1958, Faransa kuma ta janye ma'aikatanta, sai ya tafi Konakiri ya koyar.

Bayan ya ƙaro ilmi a kan makamashin rana a Tarayyar Sobiyat, ya jagoranci ɗakin binciken wannan fanni a Bamako daga 1964 zuwa 1969. Da ya dawo gida, aka damƙa masa hukumar makamashin rana ta ƙasa, wato ONERSOL, ya riƙe ta har 1985. A ƙarƙashinsa aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da murhun girki da injinan tace ruwa, duk masu aiki da rana, a ƙasar da saran itacen girki ke buɗe wa hamada hanya. Ya kuma shugabanci Jami'ar Yamai daga 1979.

Masu nazarin harshe na da nasu rabon a gadonsa. A littafinsa L'Éducation en Afrique, wanda ya fito a 1964, ya nuna yadda makarantar Turawan mulkin mallaka ta raba yaro da al'ummarsa, ya kuma kafa hujja cewa ilmi ba zai game talakawa ba sai an koyar da shi cikin harsunan Afirka. A 1973 Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Sai dai har yau Faransanci ne ke ɗauke da kimiyya a manyan makarantu, aikin samar da kalmomin fannu kuwa yana nan yana jiran masana harshe.

Ya rasu a Yamai ranar 7 ga Afrilu, 1991. Shekara guda bayan haka aka sa wa jami'ar da ya shugabanta sunansa. Allah ya jiƙansa da rahama.