Abdulkarim: Baturen da ya zana Kano daga kan Dutsen Dala

A watan Fabrairun 1851 wani baƙo mai fama da zazzaɓi da bashi ya hau Dutsen Dala, riƙe da fensir da ɗan littafi. Mutanen gari sun san shi da suna Abdulkarim. Ainihin sunansa Heinrich Barth, kuma zanen da ya yi a kan dutsen yana cikin tsofaffin hotunan birnin Kano da suka rage a duniya.

An haife shi a Hamburg ta ƙasar Jamus ranar 16 ga Fabrairu, 1821. Ya yi karatun tarihi da labarin ƙasa a Jami'ar Berlin, ya kuma koyi Larabci. Daga 1845 zuwa 1847 ya zaga ƙasashen gaɓar Bahar Rum, inda 'yan fashi suka tare shi kusa da iyakar Masar, suka ji masa rauni, suka raba shi da yawancin rubuce-rubucensa da na'urar ɗaukar hoto da yake tafe da ita. A babbar tafiyarsa ta gaba, hannunsa da idonsa ya dogara da su.

Gwamnatin Birtaniya ce ta ɗauki nauyin ayarin da ya tashi daga Tarabulus a 1850 ƙarƙashin James Richardson, da nufin buɗe hanyoyin ciniki da yaƙar fataucin bayi. Barth ya koyi Hausa a hanya, kuma duk inda aka yada zango yakan fito da littafinsa: ya kwafi zanen dabbobin da mutanen da suka sassaƙa a duwatsun Sahara, ya zana hasumiyar masallacin Agadas, sannan ya biyo ta Katsina ya shigo Kano ranar 2 ga Fabrairu, 1851, zamanin Sarki Usman.

Ya sauka a unguwar Dala, a wani gida mai duhu wanda har fasalin ɗakunansa ya zana. Duk da rashin lafiya, ya riƙa hawa doki yana ratsa unguwanni, yana rubuta sunayensu, har ya fitar da taswirar birnin: ganuwa da ƙofofinta, Gidan Rumfa, kasuwa, da ruwan Jakara da ya raba gari biyu. Taswirar ta nuna cewa babban ɓangare na cikin ganuwa gonaki ne da fili. Ya ƙiyasta mazauna birnin da 30,000, adadin da kan ninka lokacin fatake, ya kuma lissafa cewa Kano na fitar da tufafin da suka kai wuri miliyan 300 a shekara. Bai ɓoye cinikin bayin da ya gani ba.

Abokan tafiyarsa biyu sun mutu a ƙasar Barno, Richardson a 1851, Adolf Overweg a 1852. Shi kaɗai ya nausa yamma, ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya sami kwafin Tarihin Sudan a Gwandu, ya isa Timbuktu a Satumban 1853, inda Shehu Ahmad al-Bakkay ya ba shi mafaka. Ya sake biyowa ta Kano a 1854, ya koma Turai a 1855 tare da samari biyu da aka 'yanta, Dorugu da Abbega.

Labarin tafiyar ya fito a mujalladi biyar tsakanin 1857 da 1858. Sai dai hotuna masu launi da ke ciki, har da na Kano da ake yawan yaɗawa a yau, ba daga hannun Barth suka fito kai tsaye ba. Wani mai zane a Munich, Johann Martin Bernatz, wanda bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, shi ya ɗauki zanen fensir ɗin ya gyara shi ya sa masa launi don idon masu karatu na Turai. Bayanan da ke tare da hotunan kuwa sun faɗa hannun masu neman kasuwa da mulki. Shekara 52 bayan hawansa Dala, sojojin Birtaniya suka fasa ganuwar da ya auna.

Barth bai ga wannan ba. Ya rasu a Berlin ranar 25 ga Nuwamba, 1865, yana da shekara 44. A Agadas da Timbuktu har yau ana nuna wa baƙi gidajen da ya sauka.

A Kano, gine-gine sun cinye gonakin da ya gani, an cike kududdufai da dama, ganuwa kuma tana ta zaizayewa. Matashin da ya taso a Shahuci, in yana son ganin kamannin garinsu kafin zuwan Turawa, zai koma ne ga zanen baƙon da ya yi makonni biyar kacal a cikinsa a zuwansa na farko, da launin da aka zaɓa masa a Munich.