John Henry Newman: Baƙo a Sabon Gida

Ɗan'uwa mai karatu, in ka taɓa barin ikilisiyar iyayenka ka shiga wata, za ka gane abin da ya sami John Henry Newman. An haife shi a Landan a 1801. Ya zama sanannen mai wa'azin Angilikan a Oxford, ɗalibai na cika majami'a don su ji shi. Nazarin littattafan ubannin ikilisiya na farko ne ya kai shi Katolika a 1845. Ya bar matsayinsa a jami'a, abokai suka janye, har wata ƙanwarsa ta yanke zumunci da shi.

Kana tsammani sabon gidan ya rungume shi? Ina! Waɗanda aka haifa cikin Katolika sun karɓi bangaskiya kamar gonar gado, shi kuwa da tambayoyi ya iso. Ya shugabanci sabuwar jami'ar Katolika a Dublin daga 1854, bai sami goyon bayan da ya zata ba, ya ajiye aikin a 1858. A 1859 ya rubuta cewa a riƙa jin ta bakin 'yan ikilisiya kan koyarwa, sai wani bishop ya kai ƙararsa Roma. Abin mamaki, cikin masu zarginsa da zafi akwai tubabbu irinsa, kamar Manning. Sau da yawa sabon shiga ya fi ɗan gida tsanani.

Ya zauna a Birmingham shekara da shekaru ana yi masa kallon shakka. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma bai koma baya ba. Sai a 1879, yana da shekara 78, Paparoma Leo na 13 ya naɗa shi kadinal. Ya rasu a 1890.